Na Ce Na San Wurin

Ku ajiye tarhon nan tukuna. Tun da kuka shigo buro, ofishin nan namu, nake kallonku, kowa yatsansa a kan gilashi. Kai da ka ce mini jagorar matafiya yawon duniya ne kyauta, matso kusa, da kai nake. Shekara talatin da ɗoriya ina kai mutane ina dawo da su, daga nan Stains, gefen Paris, zuwa Yamai, zuwa Makka, zuwa Istambul da 'yan kasuwa, kuma ban taɓa kallon gari da idon ɗan bakansi mai yawon hutu ba. Abin da nake gani a kowane gari shi ne ƙofar fita, da banɗaki, da wanda aka bari a baya.

Ga jakata, ku duba. Wannan littafin na rubuta sunan kowane matafiyi ne da ciwon da yake ɗauke da shi, don mutanenmu ba sa faɗin ciwo sai an tambaye su sau uku. Wannan jar lema ita nake ɗagawa a filin jirgi. Ga dabino saboda masu ciwon sukari, ga agogon hannu, don tarho yana mutuwa ranar da aka fi bukatarsa. Wannan takarda mai lambobi ta hawa da saukar teku ce. Wancan gwangwanin kuwa ku bar shi, za mu zo kansa.

Aikin farko da maigidana ya ba ni, ban ga jirgi ba ko daga nesa. Alhaji Mamman ne, mutumin Tawa, Allah ya jiƙansa, yana da ɗan buro a Paris, saman wani shagon atamfa. Ya ce in je tashar Gare de Lyon, nan cikin Paris, in taka daga inda jirgin ƙasa ke tsayawa har inda taksi ke jira, in dawo in ba shi labari. Na je da sauri na dawo ina jin kaina. Ya ce, "Matakala nawa?" Na ce, "Da yawa, Alhaji." Ya ce, "Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta san da yawa ba. Koma." Na koma na ƙirga. Ya ce, "Benci nawa a hanya?" Na sake komawa. Sau huɗu na je tashar nan a yini ɗaya, takalmina ya ci mini dunduniya. Da magariba ya zaunar da ni ya ce dokar gidansa ɗaya ce: ba a kai mutum inda ƙafarka ba ta riga ta taka ba. Faransawa na ce wa wannan reperaj. Kai kaɗai za ka je, ka kwana a gadon, ka ci abincin, ka bi hanyar a lokacin da za ka bi da mutane.

Shekara biyu ban yi magana da matafiyi ba, balis nake ƙirgawa, akwatunan matafiya. A nan na san mutanenmu. Alhajin da zai rantse kayansa kilo ashirin ne alhali ma'auni na kuka. Hajiyar da ta naɗe kilishi cikin sallaya ta dube ka ido cikin ido ta ce ba komai a ciki sai carbi. Da wanda zai ɓace minti biyar kafin a rufe ƙofa, ya tafi neman wurin alwala. Na iya su duka, kuma a nan matsalata ta fara. Mutumin da ya fitar da alhazai ɗari biyu daga cunkoson Mina bai rasa ko takalmi ba, sai ya ɗauka ba abin da ya rage masa a duniya.

Shekarar da ta fi muni ita ce ta annoba. Ba jirgi, ba Umara, ba kowa. A cikinta Alhaji Mamman ya rasu, buro ya dawo hannuna, ina zaune ina goge ƙura a kan hotunan Ka'aba. Da hanyoyi suka buɗe, kiran farko mai daɗi da na samu daga Lyon ya zo. Matan Bron ne, wata unguwa a gefen Lyon, su goma sha biyu, 'yan adashi ɗaya. Suka ce sun gaji, shekara da shekaru in an ce tafiya to biki ne ko gaisuwar mutuwa a gida. Wannan karon suna son su je inda ba su da dangi, su ga teku, su ci abin da ba su suka dafa ba, amma ya zama wurin da ake kiran salla. Na ce Mayotte, can tekun Indiya. Tsibiri ne na Musulmi, kuma ƙasar Faransa ce. Na karanta shi a takardu, na ga hotuna, na samu wani mai jagora na can ana ce masa Bakar, muka shirya komai ta tarho.

Na sayi biye, wato tikitin jirgi, na reperaj, wallahi na saya. Sai auren 'yar ƙanena ya faɗo a Damagaram a wannan satin. Na ce a raina, mata goma sha biyu a bakin ruwa, mene ne a ciki? Na juya biyen na tafi biki.

Babbarsu ita ce Hajiya Rabi, ta haura saba'in. Ta ƙare ƙarfinta tana goge azuzuwan jami'a a Bron, gwiwarta ta hagu ta lalace, da sanda take tafiya. Tana da 'ya, Mariyama, ma'aikaciyar jinya, wadda tun tana 'yar lakkol, 'yar makaranta, nake sayar wa gidansu biye. Ranar tafiya Mariyama ta rako su har Paris. A filin jirgi ta ja ni gefe. Tonton take ce mini, wato kawu.

Ta ce, "Tonton Sani, ban so ta tafi ba. Don kai ne na yarda. Ka taɓa zuwa wurin, ko?"

Na ce, "Haba Mariyama. Ni ne fa."

Ta ce, "Tonton, tambayarka nake."

Na ce, "Na je. Na san wurin."

Ta damƙa mini jakar magungunan uwarta ta tafi. Ban ji komai ba a lokacin, gaskiya nake faɗa muku. Sai ma na ji haushin yarinyar da na sani tun tana 'yar ƙarama ta tsaya tana tuhumata.

Kwana huɗu na farko, ko Alhaji Mamman ya dawo ba zai samu abin gyarawa ba. Bakar mutum ne mai natsuwa, ba ya yawan magana, ya san aikinsa. Ya kai mu gonar wani fure da ake turare da shi, matan suka cika bakin mayafi. Ya kai mu inda wasu dabbobi masu kama da biri, masu dogon wutsiya da jan ido, ke saukowa su ƙwace ayaba a hannun mutum, ɗaya ta ɗare kafaɗar wata Hajiya, ihun da ta yi har yanzu ana tsokanarta da shi a Bron. Muka shiga kwalekwale mai inji, ruwan ya yi garau har kana ganin ƙasa, kunkurun teku mai girman faifai uku ya wuce ƙarƙashinmu. Hajiya Rabi ta leƙa ta daɗe, ta ce, "Ikon Allah. Ashe akwai wannan duk muna can muna wanke tayil." Da yamma jemagu manya kamar shaho suna ratsa sama, su kuma matan suna zaune kan yashi suna cin soyayyar ayaba da kifi, suna zagin mazajensu cikin nishaɗi.

Rana ta biyar Juma'a ce. Bakar ya kai mu wani bakin teku can kudu. Gabanmu akwai ɗan tsibiri, tudu ne mai duwatsu da itatuwa, kuma teku ta janye ta bar hanyar yashi fara tas daga inda muke har can, tafiyar minti ashirin ga mai lafiya. A kan tudun nan, jama'a, kuka ce. Kukarmu ta miya, manya guda uku, da ganye shar. Matan suka sa salati. Wata ta ce ta yi shekara tara ba ta ga ɗanyen ganyen kuka ba. Nan take aka fara kwance ɗankwali za a yi jaka.

Bakar ya dube ni a gabansu ya tambaya da Faransanci ko wannan ne zuwana na farko. Yana son ya je masallacin ƙauye, in na san wurin zai bar mini su, in ban sani ba ya zauna. Mata goma sha biyu suna jin Faransanci sarai, suna kallona, kuma duk an gaya musu Malam Sani ya riga ya zo ya duba. Na ce masa ba na farko ba ne. Ya ce, "To ka san lokacin ruwa." Na ce, "Na sani." Ya ce kafin ƙarfe biyu mu kasance a wannan gefen. Ya hau motarsa.

Yanzu ku saurara, don nan ne ba za ku gane ba, ku da aka haifa nan aka kai ku bakin tekun Normandi da makaranta. Ni ɗan Damagaram ne. A wurinmu ruwa ba ya zuwa sai an yi hadari. Korama tana bushe wata tara, kana kwana a cikinta in ka so, kuma in za ta kawo sai sama ta yi baƙi tukuna, ko nan ko can gabas. Kalmar mare, wato hawa da saukar teku, na san ta, na ji ta a talabijin. Na ɗauka ruwa ne ke matsowa taku biyu ya jiƙa wa Bature tawul. Na ɗaga kai na dubi sama, ko gajimare ɗaya babu. Na ce a raina ƙarfe biyun Bakar irin ƙarfe biyun da nake ce wa alhazai ne, don su zo ƙarfe uku.

Muka tsallaka. Hajiya Rabi ta yi minti arba'in da sandarta, tana hutawa, tana dariya. A can suka baje. Masu ƙarfi suka samu gora suna kaɗo ganye, sauran suna tsinkewa suna shanyawa a kan zannuwa bisa dutse mai zafi. Aka yi azahar a inuwa. Ƙarfe biyu ta yi, na duba agogo, na gani da idona. Suka ce, "Malam, a bari ya ɗan sha iska mana, in aka ƙulle shi ɗanye zai ruɓe." Na ce ba komai, ku yi a hankali. Na jingina da kukar nan, iska na kaɗa ni, na ji kamar ina bayan gidanmu.

Wajen uku saura ne wata ta ce, "Malam, ina hanyar?"

Na tashi. Hanyar tana nan, amma ta zama siririya, kuma a tsakiya ruwa ya yanke ta, yana gudu daga dama zuwa hagu kamar an buɗe famfo. Sama garau. Na tsaya ina kallo ban gane ba, wallahi kamar an yi mini sihiri.

Ga abin da ban sani ba, wanda duk yaron ƙauyen nan ya sani: tudun ba ya nutsewa. Da mun zauna a gindin kuka, Bakar zai zo da kwalekwale, ko mu jira ruwan ya koma da kansa. Ba abin da zai same mu sai yunwa. Amma zama yana nufin in buɗe baki in ce ban san abin da ke faruwa ba. Kuma kaina na ba ni lissafin korama: in ta fara kawowa, ka tsallake yanzu kafin ta cika. Na ɗaga jar lemata na ce, "Ku tattara, ba wani abu ba ne, kullum haka yake yi. Ku biyo ni."

Masu sauri suka wuce ruwa na gwiwarsu, ƙunshin kuka a ka. Hajiya Rabi ta tsaya a baki. Ta dubi ruwan, ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na ce, "Hajiya, bismilla, ina riƙe da ke." Ta ce, "To, Malam." Ta shiga.

Kafin mu kai tsakiya ya kai mana ƙugu. Yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Sandarta ta tafi. Zanenta ya cika da ruwa yana janta, gwiwar nan ta lanƙwashe, na ji ta yi ƙara. Ta faɗi, ruwa ya rufe kanta. Ina riƙe da hannunta, sai na ji ni ma ƙafata ta bar ƙasa. Ban iya iyo ba, ko kaɗan. Kuma zan faɗa muku abin da ban rubuta a takardar inshora ba: na sake ta. Hannuna ne ya buɗe, na nemi ƙasa da ƙafata, na tsaya. Ita ta tafi.

Wasu matan ƙauyen ne suka cece ta. Suna kamun ƙananan kifi a gefe da wani babban mayafi, biyu na riƙe da bakinsa suna ja cikin ruwa. Suka ga abin, suka tare ta da mayafin kamar kifi, suka fito da ita kan yashi. Wata ta danna mata ƙirji ta amayar da ruwa. Ɗayar ta juyo ta wanke ni tas da harshensu, ban ji kalma ɗaya ba amma na gane duka. Bakar ya iso a guje da jallabiyar Juma'a. Bai zage ni ba. Ya ce, "Ka ce ka sani." Ya ɗauke ta ya sa a mota.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti, ruwa ya shiga huhu. Sauran suka koma, ni na zauna a baranda. Ta rayu, alhamdulillahi. Gwiwar ce ba ta dawo ba. Gidanta a Bron hawa na huɗu ne, kuma asansar ginin, na'urar hawa bene, rabin shekara a mace take. Matar da ke zuwa kasuwa da ƙafarta kowace Asabar, tun daga ranar sai an samu maza biyu sun sauko da ita a kujera.

Na dawo Paris ina jiran a yi mini tsirara. Shiru. Sai ma waya nake samu daga Lyon ana yi mini sannu, wai an ji yadda na yi ta fama da ruwa don in ceci Hajiya. Ita ce ta ba da labarin haka. Ta ce wa kowa laifinta ne, kwaɗayin kuka ya sa ta ƙi tashi da Malam ya ce a tashi. Wata biyu ina karɓar wannan sannu, ina cewa ba komai, aikinmu ne. Kunyar da na ji a watannin nan ta fi ta cikin ruwan. Rannan na rufe buro na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Part-Dieu a Lyon, na ɗauki ƙaramin jirgin tram zuwa Bron, na hau matakalar nan ina ƙirgawa ba da niyya ba. Sittin da takwas.

Na same ta a falo, ƙafa a miƙe kan matashi. Mariyama na kicin. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na sauka daga kujera na zauna ƙasa.

Na ce, "Hajiya, ban taɓa zuwa tsibirin nan ba. Ƙarya na yi."

Ta ce, "Na sani, Malam."

Na ɗago.

Ta ce, "Tun daren farko. Ka tambayi yaron otel ina alƙibla. Kuma da kunkurun nan ya wuce, ka fi mu buɗe baki."

Na ce, "To Hajiya, don Allah, me ya sa kika shiga? Kin ga ruwan. Na ga kin gan shi."

Ta gyara mayafinta ta ce, "Ni 'yar bakin kogi ce, a Gaya aka haife ni. Na san ruwan nan ba na shiga ba ne. Amma ka ɗaga lema a gaban yara ka ce a bi ka. In na ce a'a, ni babba, shi ke nan, sun gane. Mutum da furfurarsa, da iyalinsa, da sana'arsa. Na ce Allah zai fitar da mu."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta ɗauko wannan gwangwanin. Kukar ranar ce, matan suka daka suka kawo mata rabonta. Ta ce ita ba ta iya tsayuwar tuƙa tuwo yanzu, in kai wa maiɗakina. Na kawo shi nan. Ban kai gida ba, ban buɗe ba.

Da na juya, Mariyama na tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Ta ji komai, har sakin hannun, don na faɗe shi. Ta ajiye mini shayi a gabana, ta zuba sukari, ta koma. Ba ta kai ni ƙara ba, uwarta ta hana. Ba ta gaya wa kowa a Bron ba.

Daga baya na koma tsibirin ni kaɗai. Na nemi Bakar, ya koya mini karanta takardar nan mai lambobi, na zauna gindin kukar tun safe na ga ruwa ya tafi ya dawo da idona. Na shiga ajin koyon iyo a Sevran, ni da yara 'yan shekara bakwai, suna yi mini dariya. Don haka duk wanda ya zauna a buron nan cikinku, satin farko Gare de Lyon zai je ya ƙirgo mini matakala. Kuma ranar da matafiyi ya tambaye ka ko ka san wuri, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ko a gaban uban wa ne. Mutanenmu suna da kara. Za su bi ka cikin ruwa don kada su ba ka kunya.

Mariyama har yanzu a nan take sayen biye in za ta Yamai. Uwarta ce ta ce kada a canza. Takan kira, ta gaida ni da ladabi, ta faɗi ranar tafiya, ta yi godiya. Tun tana shekara shida take ce mini Tonton. Jiya ma ta kira, da irin kiran da Faransawa ke yi wa baƙo. Ta ce, "Ina kwana, Mushe Sani."